Dabinon da Ba Shi da Ƙwallo

Duk wanda ya zauna a unguwar Dilimi ta Jos wajen ƙarshen shekarun saba'in ya san shagon Shu'aibu tela, ko da bai taɓa kai masa ɗinki ba. Ɗan ƙaramin shago ne, keken ɗinki na ƙafa a bakin ƙofa, sai wani benci da 'yan hira suka goge da zama har yana ƙyalli. A ciki an ɗaura igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, an rataye rigunan da masu su suka gaji da zuwa ana ce musu gobe. Shu'aibu ba ya cika alkawarin ranar karɓa, wannan kam babu mai musu. Amma in ya gama maka riga ka saka, sai ka nemi zagin da ka tanada masa ka rasa.

Ubansa haƙar kuza ta kawo shi Jos daga ƙasar Kano, kuma a nan ya rasu tun Shu'aibu bai mallaki hankalinsa ba. Wanda ya riƙe shi maƙwabcinsu ne, Malam Lukuman, shi ma tela. Shi ya ci da shi, ya koya masa riƙon almakashi, ya yi ta ranƙwashinsa har hannunsa ya faɗa. Da ya isa aure shi ya nema masa Maimunatu, ranar da ya sallame shi kuma ya haɗa masa da kan keken ɗinki. Saboda haka har furfura ta fara leƙo wa Shu'aibu a gemu bai taɓa zama kan kujera a gaban mutumin nan ba. Daga nesa yake cire takalmi, ya tsuguna, ya ce Baba, idonsa a ƙasa. In Baba ya ce rigar nan wuyanta ya karkace, to ya karkace, ko da Shu'aibu ya san daidai yake.

Lokacin kuɗin man fetur ne, kayan waje sun cika kantunan kasuwar Taminus. Biskit a gwangwani mai hoton dawaki, cakuleti a takarda mai walƙiya, alewa iri-iri, abin da a da sai gidan Turawan kuza ake ganinsa ya zama abin kai wa mutum in an je gaishe shi. Wata shekara ana gab da Kirsimeti, wani ma'aikacin gwamnati da Shu'aibu ya yi wa iyalinsa ɗinki ya ji daɗin aikin, ya kawo masa gwangwanin biskit. Shu'aibu ya buɗe a shago, ya zaɓi wanda aka barbaɗa wa wasu farfasassun abubuwa a kai, ya kora da shayi. Bai kai ga ɗaukar na biyu ba ya ji harshensa na ƙaiƙayi. Leɓensa ya haye, idanu suka shige, maƙogwaro ya fara tsukewa kamar ana jan zaren wando.

Emenike mai kantin kayan masarufi, wanda bango ɗaya ya raba shagonsu, shi ya leƙo neman aron ashana ya tarar da shi yana kokawa da numfashi. Bai tsaya tambaya ba, ya tare tasi, ya cusa shi ciki, ya bar kantinsa a buɗe. A asibiti aka yi masa allura, aka kwantar da shi. Da ya farfaɗo, wata nas mai suna Naomi, 'yar nan Filato, ta ja kujera ta zauna ta fassara masa abin da likita ya ce. Jikinsa, in ji ta, ya ƙi ƙwayar 'ya'yan itace masu ɓawo, irin su kashu da ake cirowa a gindin yazawa, da almon, da wasu danginsu da Turawa ke zubawa a biskit da cakuleti.

Shu'aibu ya ce, "Amma ni da gyaɗa aka yaye ni."

Naomi ta ce, "Gyaɗa a ƙasa take, Malam, waɗannan a bishiya suke. Jikinka ya yarda da gyaɗa, bai yarda da su ba. Kuma ka ji ni da kyau, in ka sake ci, na biyu zai iya fin wannan. Ko ɗan kaɗan ne. Ko a hannun wani ya taɓa."

Ya dawo unguwa ya tarar kowa ya zama likita. Wasu suka ce borin jini ne, jiƙo zai kore shi. Wasu suka ce sammu ne, a bincika wanda ya kawo gwangwanin, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. 'Yan benci kuwa suka samu abin tsokana. Mutumin da zai tashi da ƙuli-ƙuli cike da kwano a zama ɗaya, a ce biskit ne yake gudu? In an ga yaro ya wuce da cakuleti sai wani ya ce a rufe ƙofa, ga dodon tela nan tafe. Shu'aibu yakan yi dariya tare da su. Shi ne ya san yadda mutum yake ji in ya buɗe baki iska ta ƙi shiga, bai kuma ga amfanin yi musu bayani ba.

Daga nan ya kafa wa kansa doka. Duk abin da ya fito daga kwali ko gwangwani ko leda, ba zai kai shi baki ba sai Emenike ya karanta. Shu'aibu ya yi allo, ya sauke, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba. Sai ya ɗauki abin ya zagaya kanti ya ajiye kan kanta. Emenike ya ɗauko tabarau ya maƙala, ya juya kwalin, ya karanta ƙananan rubutun nan da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, kamar alƙali na karanta hukunci, masu sayen sukari suna tsaye suna jira. In ya gama ya ce, "Oga Tela, wannan ka ci, babu wahala." Wani lokaci ya ture shi gefe ya ce, "Wannan kam, kai da shi babu gaisuwa." Sau da yawa kuma ya juya kwalin gaba da baya, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mutanen nan bai faɗa komai ba." Irin wannan ma Shu'aibu barinsa yake yi, don wanda bai faɗi abin da ya zuba ba, ba a san abin da ya ɓoye ba.

Emenike bai taɓa nuna gajiya ba. Har ya kai in sabon kaya ya shigo kantinsa, tun kafin ya jera yakan karanta, ya ƙwala kira ta bango ya faɗa wa maƙwabcinsa. Shu'aibu yakan ce wa Maimunatu, in ana lissafin 'yan'uwa a sa mutumin nan a gaba.

Ita ma Maimunatu ta ɗauki nata kason. In baƙi sun kawo wa yara cakuleti ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya har da rakiya, suna juya baya ta aika da shi gidan maƙwabta. Yara su yi kuka, ta saya musu alewar madara ta rufe musu baki. Kwanon Malam daban, cokalinsa daban, kuma duk yaron da ya ci wani abu a waje sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya hau cinyar ubansa.

Inda abin ya fi wuya shi ne gidan mutane. Ka je gidan suna ko gaisuwa, a ajiye maka faranti, ka buɗe baki ka ce me aka zuba a ciki? Ai ka zagi masu gida. Sai Shu'aibu ya samo dabara, da ya ga farantin biskit ya doso shi sai ya ce yana azumi. Ya yi ta faɗar haka har aka fara yi masa kallon waliyyi, wata tsohuwa ma ta aiko da jikarta ya tofa mata addu'a.

Shi kuwa Malam Lukuman ya ji labarin ciwon tun farko, ya zo dubiya, ya ce Allah ya sawwaƙe. Abin da ya riƙe a ransa shi ne Shu'aibu ba ya cin alewar Turawa, shi ke nan. Shu'aibu bai taɓa zaunar da shi ya warware masa zancen ba. Yaushe ɗa zai zauna yana yi wa uba darasi a kan abinci?

A shekarar saba'in da takwas Allah ya nufi Malam Lukuman da tafiya aikin hajji. Shu'aibu ne ya ɗinka masa babbar rigar da zai saka ranar dawowa, farar shadda mai aiki a wuya, kuma a tarihin shagon nan ita kaɗai aka gama kafin ranar da aka ce. Da alhazai suka sauka, mota ta kawo su daga Kano, washegari da hantsi gidan ya cika maƙil. Mata a ciki suna ta guɗa, maza a zaure da ƙofar gida. An shimfiɗa sabuwar darduma, malaman unguwa sun jeru, ga tsofaffin teloli, ga direbobin tasha da Alhaji ya yi wa ɗinki shekara da shekaru. Ana zagayawa da zamzam a 'yan ƙananan kofuna, ana raba carbi da huluna da kwalli. Aka buɗe gwangwanin alewa yana bin hannu, da ya iso kan Shu'aibu ya miƙa wa na kusa da shi, babu wanda ya kula.

Can sai Alhaji ya ɗaga kai ya ce, "Ina Shu'aibu?"

Aka buɗa masa hanya ya matso ya tsuguna. Alhaji ya sa hannu a jakar da ke gefensa, wadda bai bari kowa ya taɓa ba, ya zaro wani kwali mai ruwan zinariya, an rufe shi da leda, rubutun Larabci ya zagaye shi.

Ya dubi jama'a ya ce, "Yaron nan ba ya cin alewa, na sani. Shi ya sa da na je Madina na ce a nuna mini dabinon da ya fi kowane. Wannan nasa ne shi kaɗai."

Zaure ya ɗauki masha Allah. Shu'aibu ya ji ƙwalla ta cika masa ido. A cikin cunkoson nan, da tsufa, da ciwon gwiwa, mutumin nan ya tuna abin da yake ci da abin da ba ya ci. Kwali ne kam, kuma dokarsa ta ce kwali sai an karanta. Amma ko kusa dokar ba ta faɗo masa a rai ba. Dabino ne, abin da yake buɗa baki da shi tun yana yaro. Rubutun kuma Larabci ne, kuma a wurin Shu'aibu, kamar yadda yake a wurin duk wanda ke zauren, takardar da ke ɗauke da Larabci abin girmamawa ce, in an tsince ta a ƙasa a ɗaga a soke a bango. Ba wanda ya taɓa tunanin da haruffan nan ma ana rubuta abin da aka zuba a abinci.

Alhaji ya yage ledar da kansa, ya zaɓo ɗaya mai sheƙi ya miƙa masa. Shu'aibu ya karɓa hannu biyu, ya yi bisimilla ya sa a baki. Alhaji ya kama wuyan hannunsa ya riƙe, ya fara sa masa albarka, jama'a suka ɗaga tafuka ana amin.

Shu'aibu ya ciza a hankali, yadda ake yi don kada haƙori ya haɗu da ƙwallo. Haƙorin ya haɗu da wani abu, amma maimakon ya tsaya sai abin ya farfashe. An cire ƙwallon, an cusa wani abu a gurbinsa. Ɗanɗanon ya bazu a bakinsa, kuma ya gane shi, don sau ɗaya ya taɓa jinsa bai kuma manta ba. Nan take gefen harshensa ya fara ƙaiƙayi.

Ya san abin da ya kamata ya yi. Ya tofar, yanzu, kafin wani abu ya wuce. To amma ina? Gabansa sabuwar darduma, dama da hagu malamai, a bakinsa dabinon Madina da Baba ya ɗauko tun daga can ya kira sunansa a gaban mutane ya ba shi. Ya tashi ya fita kuma babu hali, hannunsa na cikin na Baba, addu'a ake yi, ba a tashi a tsakiyar addu'a. Ya tsaya da abin a baki, miyau na taruwa, leɓe ya fara nauyi. Ya tuna Maimunatu da yara, ya tuna maganar Naomi. Duk da haka, wallahi, abin da zuciyarsa ta fi karkata gare shi shi ne ya haɗiye, in ya so bayan an shafa ya lallaɓa ya fita, abin da Allah ya rubuta ya same shi a waje.

Sai addu'ar ta tsaya a tsakiya. Masu amin suka ɗaga kai. Alhaji ya zuba wa Shu'aibu ido, fuskar da ya sani tun tana da majina.

Ya ce, "Kai, me ya same ka?"

Shu'aibu ya girgiza kai, bakinsa a rufe.

"Dabinon ne?"

Ya sunkuyar da kai. Alhaji ya dubi leɓen, ya ga yadda ya fara tashi. Bai nemi kwano ba, bai ce a kawo tsumma ba. Ya saki wuyan hannun, ya buɗe tafin hannunsa na dama, ya kai shi ƙarƙashin haɓar Shu'aibu.

Ya ce, "Tofa."

Shu'aibu ya ja baya, hawaye na zuba. Ya tofa a hannun Baba? A gaban mutane?

Alhaji ya daka masa tsawa irin wadda rabonsa da ita tun yana koyon ɗinki. "Na ce ka tofa! Duka!"

Ya tofa. Dabino da miyau da farfasassun fararen abubuwa suka zuba a tafin tsohon, har suka gangara hannun farar shaddar. Alhaji ya dunƙule hannun ya miƙe tsaye, mutumin da sai an kama shi yake tashi, ya ce wa wani direban tasi da ke bakin ƙofa ya tayar da mota. Aka ba Shu'aibu ruwa ya kurkure baki. Kafin a sa shi a mota Maimunatu ta fito daga cikin gida da gudu, mayafi a hannu, ta shige kusa da shi ba ta ko dubi mazan da ke wurin ba. Alhaji ya shiga gaba, ya bar baƙinsa zaune da kofunan zamzam.

A hanya numfashin Shu'aibu ya fara fita da ƙara. Maimunatu ta tallafe kansa tana salati, Alhaji kuwa yana ta ce wa direba ya taka, shi da kullum yake yi wa direbobi faɗan gudu. Allah ya sa Naomi ce ke aiki ranar. Tana ganin fuskar ta aika a kira likita, ta juyo ta ce, "Me ya ci?"

Alhaji ya miƙa hannu ya buɗe. Ashe tun daga zaure bai saki ba, yana nan dunƙule da abin. Naomi ta duba ta ce almon ne, ta ce ya je famfo ya wanke, ta ja labule.

An yi masa allura, an sa masa ido. Da yake abin da ya wuce cikinsa kaɗan ne, kafin la'asar kumburin ya fara saɓewa, iska ta dawo tana shiga ba tare da kokawa ba. Emenike ya rufe kanti ya zo, ya sa aka kawo masa kwalin. Ya maƙala tabarau, ya dubi Larabcin ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Sai ya kifa kwalin, abin da duk zauren nan babu wanda zai yi, ga shi kuwa a ƙasa an rubuta da Turanci, ƙanana ƙanana. Ya karanta da ƙarfi, ya cire tabarau, ya nuna Shu'aibu da shi ya ce, "Oga Tela, ko daga ina ya fito, kwali kwali ne. Ka kawo." Shu'aibu ya ɗaga kai alamar ya ji.

Da mutane suka ragu, Alhaji ya shigo ya zauna a kujerar gefen gado. Hannun rigarsa ya bushe da tabo mai launin ƙasa. Shu'aibu ya yunƙura zai sauko ƙasa, don bai saba ganin kansa a sama da Baba ba, tsohon ya harare shi ya koma ya kwanta.

Da dasasshiyar murya ya ce, "Baba, ka yafe mini. Na tofar da tsarabarka a gaban mutane."

Alhaji ya dube shi ya ce, "Faɗa mini gaskiya. Da ban yi magana ba, haɗiyewa za ka yi?"

Shu'aibu ya runtse ido. Can ya ce, "I, Baba."

Tsohon ya kau da kai wajen taga. Ya ce, "Na tsaya a gaban Ka'aba ina roƙa maka tsawon rai. Sai in dawo in kashe ka da hannuna, kana kallona, don kana jin kunyata? Daga yau duk abin da na ba ka, ka tambaye ni me ke ciki. Ko a gaban wa. In ban sani ba ka ajiye. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Baba."

Godiya ta cika wa Shu'aibu ciki har ya rasa ta inda zai fara. Ya gode wa Allah, ya gode wa mutumin nan da ya riƙe shi yana maraya, yau kuma ya ajiye girmansa a gaban jama'a don ya sha iska. Sai ya miƙa hannuwansa biyu zai kama hannun Baba na dama.

Alhaji ya janye da sauri. Ya dubi tafinsa, ya dubi tabon da ke hannun rigar, ya ce, "Tsaya." Ya tashi a hankali yana dafa gwiwa, ya cire babbar rigar ya ninke ya ajiye can nesa da gadon. Ya tafi wajen famfo ya roƙi Naomi sabulu, ya wanke hannun har gwiwar hannu, ya bi tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ya ɗauraye, ya sake wankewa. Sannan ya dawo daga shi sai 'yar ciki, ya zauna, ya miƙa masa.